Littattafan H. G. Wells biyu: wanne za ka fara saya?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka fara saya cikin littattafan marubucin Ingila H. G. Wells. In dai tsakanin The War of the Worlds da The Time Machine ne, kuma ɗaya kawai za ka iya ɗauka a yanzu, ɗauki The War of the Worlds. Duka biyun ina da su. Na ga 'yan'uwa da dama a nan suna ba ka shawarar ka fara da The Time Machine saboda shi ne gajere. Haka ne, gajere ne, amma ba gajarta ke riƙe mai karatu ba.

The War of the Worlds ya fito a matsayin littafi a 1898, bayan an buga shi kashi-kashi a mujalla a 1897. Wata ƙatuwar gangar ƙarfe ce ta faɗo daga duniyar Mars a wani fili da ake kira Horsell Common, kusa da garin Woking a Ingila. Jama'a suka taru kallo, har da yara, babu wanda ya ɗauki abin da zafi. Kafin a ankara, halittun da ke ciki sun fito da wani makami mai harba zafi wanda ido ba ya gani, duk wanda ya taɓa sai ya kama da wuta. Daga nan sai ga injuna masu ƙafa uku, sun fi gidaje tsawo, suna takawa cikin gonaki, sai kuma baƙin hayaƙi mai guba da ke bin ƙasa yana kashe duk mai numfashi. Ka tuna an rubuta wannan shekaru da yawa kafin a yi amfani da iskar guba a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915.

Abin da ya sa labarin yake kama jiki shi ne Wells ya zauna a Woking ɗin da kansa, yana yawo a keke yana duba wuraren da zai rusa a takarda. Saboda haka kowane titi da gada da tashar jirgin ƙasa suna da suna, kuma na gaske ne. Mai ba da labarin ma ba jarumi ba ne. Ko sunansa ba a faɗa ba. Gudu yake yi, yana ɓuya, yana neman matarsa, yunwa na cin sa. Akwai inda ya maƙale a rusasshen gida tare da wani limamin coci da tsoro ya taɓa wa hankali, suna rigima a kan ɗan abincin da ya rage alhali halittun nan na bakin ƙofa. Ban taɓa karanta wurin nan numfashina bai sauya ba.

Na taɓa ara wa wani ƙanena littafin, yaron da in ba littafin makaranta ba babu abin da yake buɗewa. Na ɗauka zai dawo mini da shi yadda na ba shi. Sai ga kiransa cikin dare, ko sallama bai gama ba yake tambayata ko mutanen cikin jirgin Thunder Child sun tsira. Wannan jirgin ruwan yaƙi ne da ya tunkari injunan shi kaɗai domin jiragen da ke ɗauke da masu gudun hijira su samu su tsere. Na ce masa ya ci gaba da karatu kawai. Da ya dawo mini da littafin bangon ya lanƙwashe, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan, don daga nan ne ya fara neman littattafai da kansa.

Amma babban dalilina yana cikin babi na farko. Kafin a fara ɓarna, Wells ya ce wa mai karatu kada ya yi saurin tsine wa mutanen Mars, ya fara tuna yadda Turawan da suka shiga tsibirin Tasmaniya da ke kudu da Ostareliya suka kusan ƙarar da 'yan asalin wurin cikin shekara hamsin. A lokacin babu daular da ta kai Birtaniya ƙarfi a duniya. Shi kuwa ya ɗauki babban birninta ya sa shi a matsayin waɗanda ake zuwa wa da makamin da ba su san kansa ba. Babin da mutanen Landan miliyan shida suka fantsama kan hanya, mai kuɗi da talaka suna tattake juna, har wani ya tsuguna tsintar kuɗin zinarensa da suka zube keken doki ya bi ta kansa, duk wanda ya san tarihin mulkin mallaka ko ya taɓa ganin 'yan gudun hijira zai gane abin da ake nufi ba sai an yi masa bayani ba.

Na san ƙorafin da wasu ke yi, cewa ƙarshen bai gamsar da su ba tunda ba mutane ne suka ci yaƙin da hannunsu ba. Ba zan ɓata maka ƙarshen ba, amma ban yarda da su ba. Wells ɗalibin kimiyyar halittu ne, ya yi karatu a hannun T. H. Huxley, shahararren masanin fannin, kuma ya shimfiɗa wa wannan ƙarshe hanya tun daga shafin farko. Da a ce sojoji ne suka yi nasara, da duk maganar littafin ta rushe.

The Time Machine kuwa, na 1895, to, yana nan ajiye a kan kantar littattafaina. Na saye shi ne don yabon da ake yi masa, na karanta, ban sake marmarin buɗe shi ba. Wani mai ƙirƙira ya ƙera injin tafiya cikin zamani, ya tafi shekara ta 802,701 ya tarar da ɗan Adam ya rabu biyu: Eloi masu hutu a sarari, da Morlock masu aiki a ƙarƙashin ƙasa. Tunanin yana da kyau, kuma zan ba shi haƙƙinsa a kan shafukan ƙarshe inda rana ke gab da mutuwa. Sai dai farkonsa lacca ce a kan mene ne lokaci, tsakiyarsa kuma mutum ɗaya ne yake ta hasashe yana warwarewa. Ban samu wanda zan damu da shi ba, har da Weena, 'yar Eloi ɗin da ake ta magana a kanta.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Wells ya rasu a 1946, haƙƙin mallakar waɗannan littattafai ya faɗi, kowa na iya bugawa. Marasa tsoron Allah sukan ɗauko taƙaitaccen bugun da aka yi wa masu koyon Turanci su sayar maka a matsayin cikakke, ko su kwaso rubutu daga intanet su buga da ƙananan baƙaƙe cike da kurakurai. Wasu kuma su manna hoton fim ɗin War of the Worlds na 2005 a bango, alhali shi fim ɗin a Amurka ya faru kuma labarinsa daban ne. Kafin ka biya, a nuna maka jerin babuka. Cikakken The War of the Worlds kashi biyu ne, na farko babi 17, na biyu babi 10. In bai kai haka ba, bar masa kayansa. Kuma kada ka ba kowa ko kwabo don ya turo maka shi a waya, domin duka biyun kyauta ne a shafin intanet na Project Gutenberg.

Saboda haka saya The War of the Worlds na takarda, bugu mai manyan baƙaƙe. Turancinsa na da ne, babin farko na da ɗan nauyi, ka daure har gangar ta buɗe. The Time Machine kuma ka sauke na kyauta ka karanta duk ranar da ka samu sarari.