Gargaɗi ga masu gida a Houston: wasiƙun da ke neman kuɗin takardar gida da na rangwamen haraji

Assalamu alaikum. Duk wanda ya sayi gida a Houston, a jihar Texas ta Amurka, ko kewayenta cikin 'yan shekarun nan, ko yake shirin saye, ya daure ya karanta wannan, ya kuma tura wa na kusa da shi. A gidanmu abin ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba.

Baffana ya sayi gida a gundumar Harris, inda mafi yawan Houston take, bayan ya shafe shekaru yana zaman haya. Ba a yi wata guda da tarewa ba wata wasiƙa ta shigo akwatinsa. Tambarinta kamar na hukuma, ga sunansa cikakke, ga adireshin gidan, ga ranar da aka yi rajistar cinikin, har da lambar filin. Aka ce ya aika dala 80 da ɗoriya kafin wata rana da aka ja wa layi, za a turo masa kwafin takardar mallakar gidansa. Ya rubuta cak ya aika. Bayan 'yan makonni wata ta biyo baya, ita kuma kan ayyana gidan a matsayin gidan zamansa. Da ma ya sha jin ana cewa wanda ke zaune a gidan kansa ana rage masa haraji, sai ya ɗauka hanyar ke nan. Ita ma ya biya, aka turo masa takarda mai hatimi, ya sa a jaka ya adana.

Sai da shekara ta zagayo kamfanin da ya ba shi bashin gidan ya rubuto cewa abin da ake tara masa na harajin gidan daga cikin biyansa na wata-wata bai isa ba, don haka biyan wata-wata zai ƙaru. Nan ya kira ni.

"Kai, zo ka duba min takardun nan, mutanen nan sun ƙara min kuɗi."

Na ce, "Baffa, kun cike takardar rangwame kuwa?"

Ya ce, "Tun yaushe! Har kuɗi na biya."

"Kuɗi kuma, Baffa? Wa kuka biya?"

Da na je muka buɗe shafin HCAD, wato hukumar da ke ƙiyasta darajar gidaje a gundumar Harris, muka sa adireshinsa. Wurin da ake nuna rangwame fayau yake, babu komai. Lissafin farko da aka yi masa da harajin tsohon mai gidan aka yi, shi kuwa yana da rangwamensa. Da na tsohon ya faɗi, babu wanda ya maye gurbinsa.

Tambayar da Baffa ya yi ta maimaitawa ita ce, in ba hukuma ba ce, yaya aka yi suka san sunansa da ranar da ya saya? Amsar ita ce kowa ma zai iya sani. A Amurka rajistar gidaje a buɗe take. Da an sa hannu, kamfanin da aka kammala cinikin a ofishinsa zai kai takardar mallaka ofishin akawun gunduma a shigar da ita, daga nan duk mai intanet zai ga wane ya sayar wa wane. Masu wasiƙun nan abin da suke yi ke nan, su kwashi sunayen sababbin masu gida su buga musu takarda. Sanin sunanka da lambar filinka ba shaidar komai ba ce. Ni ma a zaune a ɗakina zan iya nemo na maƙwabcinka.

Takardar da suke sayarwa kuwa, galibi an riga an aiko maka da ita bayan rajista, tana nan cikin tarin takardun da ka ajiye ba ka duba ba. Ta Baffa a cikin jakar da ya adana tasu muka same ta. In ma ɓata ta yi, ofishin akawun gundumar zai ba ka kwafi kan dala 1 kowane shafi, in kana son mai hatimin tabbatarwa ka ƙara dala 5. Takardar mallaka kuma shafi biyu ce zuwa huɗu a yawancin lokaci. Yi lissafi da kanka.

Wasiƙa ta biyu ta fi ta farko mugunta, don ita ba kuɗin da ka aika kaɗai take ci ba. Tana sa ka saki jiki. A Texas abubuwa biyu ne masu suna kusan iri ɗaya. Ɗaya ayyana gida ne a matsayin mazauninka, abin da ya shafi kare shi daga masu bin bashi. Ɗayan shi ne rangwamen haraji na gidan zama, wanda ake nema a hukumar ƙiyasta daraja da fom mai lamba 50-114, kyauta, ko sisi ba a biya. Masu wasiƙar na farkon suke sayarwa, su bar ka kana zaton ka yi na biyun. Dokar jihar ta tilasta musu su rubuta cewa takardar tasu talla ce, ba ta hukuma ba ce, kuma da muka duba ta Baffa jimlar tana nan. Da ita suke fakewa. Amma mutumin da ya dawo daga aiki a gajiye, ya ga tambari da wa'adi, ina zai tsaya bin layi-layi?

Ga dalilin da ya sa rangwamen ba abin wasa ba ne. Texas ba ta karɓar harajin albashi, shi ya sa harajin gida yake da nauyi. Hukumar ƙiyasi tana sa wa gidanka daraja bisa yadda yake ranar 1 ga Janairu. Ita ba ta karɓar kuɗi. Masu yanka haraji daban ne: hukumar makarantun yankinka, gunduma, birni, hukumar asibitoci, ta hana ambaliya, a unguwannin bayan gari kuma har da hukumar ruwa da suke kira MUD, kowacce da nata kason kan kowace dala 100. Kason makarantu shi ne babba a mafi yawan wurare. Mai rangwame ana cire masa wani adadi daga darajar gidan kafin a lissafa harajin makarantu. Da dala 40,000 ne, a 2023 masu zaɓe suka mai da shi 100,000, a Nuwamban 2025 suka sake ɗaga shi zuwa 140,000. Mu ƙaddara kason makarantun unguwarku dala 1 ne kan kowace 100, ka ga dala 1,400 ke nan a shekara. Gundumar Harris ma tana cire kashi 20 cikin 100 a nata ɓangaren. Sannan akwai linzami: gidan da ke da rangwame ba a ɗaga darajar da ake caje shi a kai fiye da kashi 10 cikin 100 a shekara, sai in ka yi sabon gini. Wanda ya kai shekara 65 yana da ƙarin nasa.

Abu ɗaya da ke sa a dawo wa mutanenmu da fom shi ne lasisin tuƙi. Dole adireshin da ke jikinsa ya zama na gidan da kake nema wa rangwame, don haka a fara canza shi. Mazauna Katy kuma su tabbatar da gundumarsu tukuna, garin ya ratsa Harris da Fort Bend da Waller, kowacce da hukumar ƙiyasinta.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa irin wannan ke saurin kama mu. A gida mun saba takardar fili ba ta fitowa sai da ɗan tsakiya, sai an san wani, sai an ba da na goro. Wanda ya taso a haka, in aka ce masa kawo dala 80 a kawo maka takardarka har gida, gani zai yi an yi masa araha. Ga tsoron hukuma da baƙo yake da shi, ba ya son a ce ya saɓa wa'adi. Ban ga laifin Baffa ba.

Akwai kuma masu kiran waya su ce ana bin ka haraji, za a yi gwanjon gidanka in ba ka tura kuɗi yau ta Zelle, hanyar tura kuɗi ta waya, ko katin kyauta ba. Kashe wayar kawai. Takardar haraji tana fitowa ne wajen ƙarshen shekara, wa'adin biya 31 ga Janairu. Wanda ya wuce, tara da kuɗin jinkiri suna farawa da kashi 7 cikin 100 a Fabrairu, suna hawa duk wata, kuma gida ba ya zuwa gwanjo sai an bi ta kotu. In kana shakka, shiga shafin ofishin karɓar haraji na gundumarka da kanka, kada ka kira lambar da ke jikin wasiƙa ko wadda mai kiran ya ba ka.

Kamfanonin da ke cewa za su ƙalubalanci darajar gidanka su karɓi kaso daga abin da aka rage, su ba zan kira su 'yan damfara ba, sana'a ce da doka ta sani. Sai dai a karanta yarjejeniyar, ta wasu tana sabunta kanta duk shekara. Kai ma kana iya shigar da ƙorafin da kanka kyauta, zuwa 15 ga Mayu ko kwana 30 daga ranar da aka aiko maka takardar ƙiyasi, duk wanda ya fi nisa.

Na Baffa Allah ya taimaka bai wuce gyara ba. Lokacin neman rangwame zuwa 30 ga Afrilu ne, amma doka ta yarda a nema a makare har shekara 2 bayan wa'adin biyan harajin wannan shekarar. Muka canza lasisinsa, muka cike fom ta intanet, aka amince, rarar da ya biya ta dawo. Kuɗin wasiƙun biyu dai sun tafi. Mun kai ƙorafi sashen kare masu saye na ofishin babban lauyan jihar Texas, da sashen binciken zamba na gidan waya, tunda ta wasiƙa suka zo.

Makon jiya wata ta sake shigowa akwatinsa, da sunan wani kamfani daban, kan takardar gidan nan dai. Ya ɗauki hotonta ya turo min, ya rubuta a ƙasa: "Su ne ko?"