Feedly: tara karatun siyasa, fasaha da al'adu wuri guda, da inda take gazawa

Wanda ya dogara da Facebook ko X wajen samun abin karantawa, abin da na'urar kamfanin ta zaɓar masa shi yake gani, kuma galibi abin da ya fi tayar da ƙura take turowa. Doguwar maƙalar da aka yi makonni ana bincikenta sai ta ɓace cikin cacar baki. Feedly ta bi wata hanya daban. Kai ne za ka zaɓi shafukan da kake so, ita kuma ta riƙa kawo maka duk sabon abin da suka wallafa. Tana amfani da wani tsohon tsari mai suna RSS, wanda shafuka da yawa ke da shi ko da masu su ba su sani ba. Manhajar ta fito a 2008, amma sai a 2013 ta yi suna, lokacin da Google ya rufe Google Reader, tasa hidimar mai irin wannan aiki, miliyoyin masu karatu suka koma kanta.

Buɗe asusu ba wuya, da adireshin Gmail ma an gama. A tsarin kyauta ana ba ka damar bin shafuka 100 a cikin rukuni uku. Wasu na ganin ukun sun yi kaɗan, amma ga mai son siyasa da fasaha da al'adu sun yi daidai, kowane fanni da gidansa.

Wajen zuba shafuka ne mutane suka fi yin kuskure. Akwai wurin bincike, amma idan ka rubuta "siyasa" ko "adabi" ba za ka samu abin kirki ba, domin da Turanci aka gina shi, manhajar kanta ma ba ta da Hausa. Abin da ya fi shi ne ka kwafo adireshin shafin ka liƙa a wurin. Idan ba ta gano shi ba, ƙara /feed a ƙarshen adireshin. Wannan yana aiki a mafi yawan shafukan da aka gina da WordPress, irin su Premium Times da TechCabal, haka ma wasiƙun Substack, dandalin da marubuta ke aika rubutunsu ga masu karatu ta imel. Na BBC Hausa kuwa adireshinsa daban ne: feeds.bbci.co.uk/hausa/rss.xml. Tashar YouTube ma tana shiguwa idan ka liƙa adireshinta. Shafukan Facebook ba sa shiga, kuma wannan babban giɓi ne a gare mu, tunda da yawa daga cikin marubutan Hausa masu nazarin siyasa da adabi a can kaɗai suke rubutu.

Yanzu ga abin da ke kashe wa mutane gwiwa bayan mako guda. Jaridar kullum tana iya sakin labarai masu ɗimbin yawa a yini, ita kuwa mujalla irin Aeon ko The Republic da ake bugawa a Legas, 'yan maƙaloli kaɗan take fitarwa a mako. Idan ka haɗa su a rukuni ɗaya, kamar ka zuba cokalin zuma ne cikin randar ruwa: jaridar za ta shanye mujallar, ka buɗe ka tarar da ɗaruruwan labaran da ba ka karanta ba, ka rufe ba ka sake komawa ba. Maganinsa shi ne kada jaridun kullum su wuce biyu ko uku, kuma a tsare su duka a rukunin siyasa. Kusan labari ɗaya suke maimaitawa, na huɗu ba zai ƙara maka komai ba. Sauran gurbin siyasa a ba masu dogon bincike, irin HumAngle kan rikicin tafkin Cadi da arewa maso yamma, ko Africa Is a Country. A fasaha, Rest of World tana da amfani ƙwarai saboda tana bibiyar yadda fasaha ke shafar ƙasashen da ba na Yamma ba. Shafuka 20 zuwa 25 gaba ɗaya sun ishi mai aikin yi. Ɗari ɗin nan da aka ba ka ba farilla ba ne ka cika shi.

Sai saiti. Canza yanayin nuni zuwa kanun labarai zalla, domin wanda ke nuna manyan hotuna yana cin data ba dalili. A rukunin siyasa, duk safiya ka danna a mayar da duk abin da ya wuce kwana ɗaya a matsayin wanda aka karanta. A rukunin al'adu kada ka yi haka, maƙala kan waƙa ko tarihi ba ta tsufa a kwana. Amma a sani, abin da ya yi kusan kwana 30 ba a buɗe ba Feedly da kanta take ɗauke shi daga jerin sababbi. Duk abin da kake da niyyar karantawa daga baya, danna masa alamar ajiya nan take.

Babbar gazawarta ita ce ba a karatu da ita sai da intanet. Ba ta sauke maƙaloli ta adana a waya, don haka da zarar sabis ya ɗauke a hanya, ko data ta ƙare, shi ke nan. Ga kuma shafukan da kanu da layi biyu kawai suke bayarwa, BBC na cikinsu, dole sai ka buɗe shafin da kansa. Wannan laifin mai shafin ne, sai dai Feedly ba ta yi wani abu a kai ba. Ƙananan shafuka masu 'yan mabiya kuma labarinsu yakan makara da awanni, saboda ba a leƙa su a kai a kai kamar manya. Binciken tsohuwar maƙala a cikin abin da ka tara, da karɓar wasiƙun imel a ciki, da toshe kalmomin da ka gaji da gani, duk sai ka biya, kuma da dala. A ganina, mai karatu don kansa ba ya buƙatar biyan.

Wanda matsalar data ta fi damunsa, Feeder ta fi masa. Manhajar Android ce ta kyauta, ba talla, ba buɗe asusu. Tana sauke rubutun ta ajiye a waya, ana iya umartarta ta ɗauko cikakkiyar maƙala maimakon guntu, a kuma hana ta sabuntawa ko buɗe hotuna sai an hau Wi-Fi. Illarta ba ta da shafin da za ka buɗe a kwamfuta. Inoreader kuwa tana ba da shafuka 150 kyauta, har da bincike. Feedly ta fi su sauƙi ga sabon shiga da kuma mai karatu a waya da kwamfuta a lokaci guda.

Ko wacce ka zaɓa, ka riƙa fitar da jerin shafukanka a fayil ɗin OPML kana ajiyewa. A Feedly ta kwamfuta ake yi, minti ɗaya ya isa. Da wannan fayil za ka kwashe komai zuwa wata manhajar ba sai ka sake zubi daga farko ba. Irin waɗannan hidimomi suna mutuwa: bayan Google Reader, kamfanin Mozilla ma ya rufe Pocket, manhajar ajiye maƙaloli don karantawa daga baya, a watan Yulin 2025.