Fim ɗin Tom da Jerry na 2021: mussa da kusu sun zama baƙi a gidansu

Ranar Asabar da ta wuce zafin Sakkwato ya hana yara fita ko ƙofar gida, sai na tara su a falo nan Mabera na kunna musu dogon fim ɗin Tom da Jerry na 2021. Inna ma ta jawo tabarmarta ta zauna, don ita tun muna ƙanana tare da mu take kallon mussa da kusu, kuma har yau kusun take goyon baya.

Ni da waɗannan biyun mun daɗe. A talabijin na san su, amma asalinsu gajerun finafinan silima ne da William Hanna da Joseph Barbera suka fara a 1940. Tsakanin wannan shekara da 1958 sun yi guda 114, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. Yawancinsu ba su wuce minti bakwai ko takwas ba: a kafa tarko, tarkon ya kama mai shi, a daki Tom da kasko har fuskarsa ta koma faifai, a tashi. Ba wanda ke buƙatar jin Turanci kafin ya yi dariya, shi ya sa tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba take ƙyalƙyalawa tare da jikokinta.

To wannan abin na minti bakwai shi aka ja ya kai kusan minti ɗari. Da me za a cike sauran? Da mutane. Darakta Tim Story ya kai labarin wani babban otal a birnin New York, inda wata budurwa mai suna Kayla, wadda Chloë Grace Moretz ta fito a matsayinta, ta samu aiki da takardun da ba nata ba. Ana shirin wani gagarumin biki, Jerry ya tare a otal ɗin, sai aka ɗauko Tom ya kama shi. Mutanen na gaske ne, dabbobin duk zane ne, har giwayen da aka kawo wurin bikin.

Aikin zanen ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ba a mai da su wasu dabbobi masu gashi na kwamfuta ba, an bar su da kamanninsu na da. Kuma an hana su magana, ba a maimaita kuskuren fim ɗinsu na 1992 ba, inda suka buɗe baki har da waƙa. Wurin da Tom ke ta ƙoƙarin shiga otal ta taga yana faɗowa, da wurin da suka ragargaza ɗaki guda, nan falonmu ya kaure. Ƙaramin cikin yaran har da birgima.

Amma da zarar an koma kan Kayla da abokin hamayyarta a wurin aiki, wanda Michael Peña ya fito, sai falon ya yi tsit. Surutu ne na ofis da rigimar ango da amarya, da Turanci mai sauri. Yara suka fara tsokanar juna. Inna ta juyo ta ce min, "Kai, mi waɗanga mutane ka faɗi? Ina kusun ya tahi?" Na fara fassara mata, na ga ni kaina labarin bai dame ni ba, na bari. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sulhun da aka yi musu a ƙarshe don su gyara bikin. Wa ya ce muna son su shirya?

Idan yaranka suna jin Turanci, za su iya zama har ƙarshe, kuma ban ga abin da zai sa uba ya yi saurin ɗaukar rimot ba, in ban da kaɗe-kaɗen da suka yi yawa. Mu dai kafin a kira magariba Inna ta naɗe tabarmarta, yaran kuma suka ce in nemo musu tsofaffin, na kasko da tarko.