Kunshin kayan koyon zana fuskar 'yar tsanar BJD: abinda ya yi da abinda babu a ciki

'Yan uwa masu sha'awar fara yi wa 'yar tsanar BJD (wato 'yar tsana mai gaɓɓan ƙwallo) kwalliyar fuska da hannunsu, ga abinda na gani a kunshin kayan koyo da na yi oda wajen wani mai sayarwa a intanet. Irin kunshin nan masu haɗa shi suna da yawa kuma kusan abu ɗaya suke zubawa a ciki, shi ya sa nake ganin bayanin zai yi wa mutane amfani ko ba wajen mutum ɗaya muka saya ba. Gaskiya kayan sun kai a saya, amma ba su cika ba, kuma abu biyun da babu a ciki su ne ma ginshiƙin aikin gaba ɗaya.

Ga wanda bai san su ba, 'yan tsanan nan da rezin ake zuba su, wani irin roba mai tauri da nauyi, gaɓɓansu ƙwallaye ne sai igiyar roba ta ratsa ta ciki ta riƙe hannu da ƙafa da wuya, shi ya sa suke iya zama da tsayuwa da lanƙwasa. Kamfanin Volks na Japan ne ya fito da Super Dollfie a 1999, daga nan abun ya bazu Koriya ta Kudu da China har ya game duniya. Akwai manya masu tsayin wajen santimita 60, akwai matsakaita wajen 40 zuwa 45, sai ƙanana da ba su kai 30 ba. Da yawansu kan yana zuwa ne haka nan sumul ba gira ba jan baki ba komai, to ko ka ƙara kuɗi kamfani su zana maka, ko ka tura wa masu sana'ar, ko kuma ka zauna ka koya.

A cikin kunshin akwai kan gwaji na rezin, akwai fastel mai laushi kala-kala (wani abu ne kamar alli da ake zane da shi), fensiran da ke narkewa da ruwa, burushi ƙanana da matsakaita, 'yar kwalbar man sheƙi, farin soson goge datti, gashin ido na mannawa da kuma ɗan ƙullun da ake liƙe ƙwayar ido da shi ta cikin kai.

Kan gwajin nan shi kaɗai ya isa dalilin saye wallahi. Ɗan koyo hannunsa rawa yake idan aka ce ya ɗora fensir a kan 'yar tsanar da ya daɗe yana tara kuɗinta, amma da wannan kan hankali kwance kake aiki, ka zana ka wanke ka sake zanawa, kuma rezin ne na gaske ba roba mai laushi ba don haka yadda yake karɓar kala haka na ainihin zai karɓa. Ramin idonsa da tudun kumatunsa sun fito sosai, leɓen ma an sassaƙa shi da kyau, ka ga ko ba ka iya ba siffar da kanta tana nuna maka inda inuwa ya kamata ta zauna.

To yanzu abu na farko da babu: feshin kariya. Ban ga laifin mai sayarwa sosai a nan ba tunda gwangwanin feshi abu ne mai kama wuta, ba a cika yarda a tura shi ta jirgin sama ba, amma ya kamata a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba tare da shi ba kayan nan ba za su yi aiki ba. Rezin santsi gare shi, ka shafa fastel a kai haka nan sai ya zame, wanda ya zauna kuma yana iya shiga jikin rezin ɗin ya bar tabo. Feshin shi ke raba tsakanin kala da rezin, kuma shi ke sa fuskar ta ɗan yi kaushi kamar takardar zane ta yadda garin fastel zai kama. Na nemi Mr. Super Clear na kamfanin GSI Creos, marar sheƙi, irin wanda aka rubuta UV Cut a jiki (wato mai rage illar hasken rana), shi ne dai wanda yawancin masu wannan aikin suke amfani da shi, kuma na ga dalili. Yana fita siriri, yana bushewa fes ba ya canza launin fatar, in ka shafa yatsa bayan ya bushe za ka ji wani ɗan kaushi mai laushi, wannan kaushin shi ne komai. Sai dai yana da sharuɗɗa: a girgiza gwangwanin sosai, a fesa daga nesa kamar santimita 20 zuwa 30, a wuce da hannu da sauri kada a tsaya wuri ɗaya, a bar shi ya bushe kamar minti 20 zuwa 30 kafin a taɓa. Kuma ranar da iska ke da danshi ko sanyi ya yi yawa a haƙura kawai, domin duk feshi irin wannan in ya haɗu da laima fari-fari yake yi a kan fuskar, in hakan ta faru a shafi na ƙarshe to aikin da ka yi duka sai wanki.

Abu na biyu da babu, kuma shi ne ya fi ɓata mun rai, takunkumi. Ba ma takunkumin ba, ko layi ɗaya na gargaɗi babu a takardar bayanin da suka sa a ciki. Haba! Kunshin da aka ce na 'yan koyo ne, cikin masu saye akwai yara matasa, za su je su nemo feshi su tsaya a ɗaki a rufe suna fesawa. Tururin nan yana illa ga huhu, kuma takunkumin kyalle ko na asibiti ba ya tare shi ko kaɗan, wanda ake buƙata shi ne mai roba da ke rufe hanci da baki gam, mai matatar da aka yi musamman don tururin fenti, irin 3M 6001, a haɗa da matatar ƙura a samanta. A fesa a waje ko inda iska ke wucewa, nesa da wuta, nesa da yara da dabbobi. Haka in za a goge rezin da samfefa, a yi shi a jiƙe cikin ruwa don garinsa ma ba abin shaƙa ba ne. Don Allah kar wanda ya ɗauki wannan da wasa.

Fastel ɗin kuwa ya ba ni mamaki, ban yi zaton zai yi kyau haka ba. Ana kankare shi ne da reza ko a goga a takarda ya zama gari, a ɗiba da burushi mai laushi a karkaɗe, sannan a shafa a kumatu da gefen hanci da ƙasan leɓe da zagayen ido. Ja da ruwan ƙasa da ruwan hoda duk sun fito da ƙarfi, shuɗi da shunayya ne suka ɗan yi rauni sai an maimaita. Abinda na fi jin daɗinsa shi ne yadda kalar ke taruwa a hankali, shafin farko kusan ba ka ganin komai, ka fesa ka ƙara, ka fesa ka ƙara, can sai ka ga fuskar ta fara yin jini a jika, wani ɗan shuɗi-shuɗi a gefen goshi da ƙasan ido, ja kaɗan a kan kunne da tsinin hanci, abun sai wanda ya gani. Mai gaggawa da ya ɗora kala mai yawa lokaci ɗaya zai samu dabbare-dabbare ne, kuma soson nan fari duk da yana ɗauke kuskure yana cin feshin da ke ƙasa in aka danna, a yi masa a hankali. Feshi kuma yana ɗan ƙara wa kala duhu, a riƙa tsayawa kafin a kai inda ake so.

Wani abu da ya kamata kowa ya duba a jikin kwalin fastel: ya zama busasshe ne ba mai maiƙo ba. Duk abu mai maiƙo abokin gabar rezin ne, fastel mai mai, fentin mai, alƙalamin maka, jan farce, har kayan kwalliyar mutane, suna shiga jiki su bar tabon da ba ya fita. Na kunshin nan busasshe ne, alhamdulillahi.

Fensiran ba laifi. Ruwan ƙasa mai duhu shi na fi amfani da shi wajen gira da gashin ido na ƙasa, sai dai bakinsu yana saurin dakushewa dole kana fiƙewa kana gogawa a samfefa har ya yi tsini. Gira ita ce wajen da ɗan koyo zai fi shan wuya, ba don zana gashin ba, don daidaita dama da hagu. Abinda ya taimake ni shi ne in fara shimfiɗa siffarta da garin fastel kaɗan, in juya kan ƙasa ya koma sama in duba, ko in ɗauki hoto a waya in juya shi, nan take ido ke ganin wadda ta fi tsawo ko ta fi hawa. Sai bayan siffar ta zauna nake bin ta da fensir gashi ɗaya-ɗaya, daga tushe zuwa sama, hannu yana ɗagawa a ƙarshen kowane layi don ya ƙare siriri. Kuma kyawun fensiran nan in layi ya karkace, ɗan auduga mai laima ya isa ya ɗauke shi matuƙar ba a fesa a kai ba.

Burushin su ne suka gaza. Matsakaitan sun yi aikin shafa gari, amma ƙananan da aka ce na jan layi ne bakinsu ya rabu biyu tun da wuri, gashi yana zubewa yana manne wa fuska, da irinsu ba za ka taɓa jan gashin ido mai kyau da fentin akirilik ba komai ƙwarewarka. Ku nemi siriri mai dogon gashi guda ɗaya mai kyau daban, lamba 000 ko ƙasa da haka, a tsinka fentin har ya kusa zama ruwa.

Man sheƙin ya yi, ana sa shi ne a ƙarshe bayan feshi na ƙarshe, a leɓe da bakin fatar ido da kusurwar hawaye, in aka fesa a kansa sheƙin ya tafi. Gashin idon yana da tauri kaɗan amma da farin gam mai wankuwa da ruwa ya zauna daram a cikin fatar ido ta sama.

Wajen wanki ma takardar tasu ba ta ce komai ba. Ni da alkohol isofirofil mai ƙarfi, kashi 90 zuwa sama, nake wanke kan, da auduga da tsohon burushin haƙori don lungun hanci da tsakanin leɓe, sannan sabulu da ruwa, a bar shi ya bushe sarai kafin sabon feshi. Wasu suna amfani da asiton, sinadarin nan da ake goge jan farce da shi, saboda saurinsa amma yana iya cin rezin in ya daɗe a kai, ni ban ga dalilin da ɗan koyo zai kusance shi ba. Kuma a cire murfin kai (ɓangaren ƙoƙon kan da ke buɗewa) da idanu kafin a fara komai, a sa safar hannu ko a riƙe kan ta ciki, don maiƙon yatsa yana barin shaida a kan feshi kuma fastel yana bin wannan shaidar ya taru a wajen.