Kyamarar da na saya a Tokyo, da wadda zan ce ka saya

Salam ƙanena, ina fata kowa lafiya, a gaida min su Hajiya da Baba da kyau. Maganar da ka yi min tun kafin azumi cewa in duba maka kyamara mai dogon zum a nan Japan tunda nan ne gidansu, to na duba, kai har ma na riga ka saya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka dalla-dalla don saƙon murya ba zai ɗauke maganar ba.

Da farko ni ma irin tunaninka ne da ni, Nikon P1000 kawai nake so, waccan da ake nuna bidiyonta tana jawo wata har ka ga ramukansa. Zum ɗinta 125x ne, daga 24mm har 3000mm, tun 2018 ta fito. Na shiga jirgin ƙasa na sauka Akihabara na shiga Yodobashi, wani ƙaton shago mai hawa-hawa, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne duk kyamarorin a waje suke kan tebur a kunne, an ɗaure su da ƴar waya kawai, ka ɗauka ka latsa ka jujjuya son ranka ba mai ce maka malam in ba saya za ka yi ba ajiye mana. Na fi awa guda a wurin. Da na ɗaga P1000 ɗin sai na ji ta kamar bulo, kusan kilo ɗaya da rabi ce, da na tura zum ɗin ƙarshe kuma sai rubutun da na saita a can ƙarshen shagon ya dinga rawa yana fita daga sikirin, numfashina kaɗai ya isa ya kawar da shi. Hoton da na ɗauka a cikin shagon da na buɗe shi sai na ga duk yashi-yashi.

Wani dattijo ma'aikacin wurin ne ya zo, da ɗan Japananci na da ɗan Turancinsa muka fahimci juna. Bai kushe kayan ba, takarda ya ɗauko ya zana min akwati biyu. Ƙaramin shi ne sensar P1000, wajen milimita 6 da 4 da ɗoriya, bai kai farcen ɗan yatsanka ba. Babban kuma shi ne wanda suke kira inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, wanda ke cikin Sony RX10 IV da Panasonic FZ1000, girman filinsa ya ninka na wancan kusan sau huɗu. Sensa ita ke karɓar haske, in ta yi ƙanƙanta to da rana tsaka ba ka da matsala, amma da la'asar sakaliya ko cikin ɗaki sai hoto ya fara lalacewa. Ga kuma bakin lens, P1000 in ka kai ƙarshen zum f/8 take komawa, wato ƙofar hasken ta tsuke, ita kuwa RX10 IV zum ɗinta a 600mm ya tsaya amma f/4 take ko a can ƙarshen. Wallahi a nan na gane lambar nan ta 83x ko 125x da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali ba ita ce kyamara ba. Kuma ka kula, akwai zum na gilashi akwai na dijital, na dijital ɗin yanko tsakiyar hoto kawai yake ya kumbura shi irin yadda waya ke yi, ni kashe shi ma na yi gaba ɗaya.

Sabuwa ta fi ƙarfina gaskiya. Ka san ɗalibi awa 28 kawai aka yarda ya yi aiki a sati, kuma rangwamen harajin kashi 10 da ake yi wa ƴan yawon buɗe ido mu mazauna ba mu ciki. Sai wani abokina ya kai ni Shinjuku wurin ƴan na hannu, Map Camera, kuma nan ne abin ya tsaya min a rai. Kowace kyamara da ƴar takardarta an rubuta matsayinta, akwai bihin wato mai kyau sosai, akwai ryohin wato mai kyau, akwai namihin wadda ta sha hannu, har da waɗanda aka rubuta ƙarara cewa suna da matsala. Wadda na ɗauka, Sony RX10 IV, ryohin ce, an rubuta akwai ƙarce a gindinta wurin da ake ɗaura ƙafa, sai da na juya ta a haske sau biyu kafin na gano shi, siriri kamar gashi. Mai shagon da kansa ya haska tocila cikin lens ɗin ya nuna min ƴan ƙura biyu ya ce ba za su fito a hoto ba amma gara in sani. Na tuna kyamarar da na saya a gida shekarun baya, aka rantse min sabuwa ce dal, sati uku lens ya maƙale ya ƙi komawa, da na koma aka nuna min ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don kuɗin ɗinkin da na tara ne.

Amma fa kar ka ɗauka komai na nan ya fi. Babu ciniki, abin da aka rubuta shi za ka biya, ba a yi min ragi ba albarka. Gyara kuma tsada, sai an tura kamfani ka jira makonni, wani lokaci kuɗin gyaran ya kusa na saye. Irin yaran nan namu na Farm Centre da za su buɗe abu a gabanka su gano wayar da ta tsinke su haɗa kafin ka gama shan lemo, na yi kewarsu sosai a nan.

Ranar farko da na fita da ita tafkin Shinobazu na je a Ueno, da sanyin safiya hannu har yana ƙagewa. Akwai wani zalɓe tsaye cikin busassun ganyen bado, na sa gudun shata, wato saurin da kyamara ke buɗewa ta rufe, a 1/1000 na daƙiƙa, na jingina gwiwar hannu da ƙarfen gada na jira, minti kusan ashirin bai motsa ba, sai kawai ya soka baki ya fito da ɗan kifi. Kyamarar tana ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, a cikinsu na samu guda da ɗigon ruwa ke zuba daga bakinsa, ƙwayar idonsa rawaya tar. Shi ne wanda na turo wa Hajiya. Sai dai memori kan cika da wuri in kana irin wannan, batirin ma ƙarami ne, guda biyu na ƙara saya.

Yanzu kai. Aikinka biki ne da suna da hawan sallah, rabin hotunanka cikin ɗaki ko holi ne da yamma, don haka ka manta da 3000mm, mai sensa inci ɗaya za ka nema. A Hawan Daushe ma 400mm na FZ1000 ya isa ka cika hoto da fuskar mahayi da rawaninsa daga inda kake tsaye, kuma doki a guje saurin kama fokas yake so fiye da nisa. Abu biyu ne suka hana ni cewa in sayo maka irin tawa a nan. Sony ɗin da ake sayarwa don cikin Japan menu ɗinta Japananci ne zalla, ni ina lallaɓawa amma kai zai wahalar da kai, sannan garantin nan a Japan kaɗai yake aiki. Caja ba matsala, tana ɗaukar wuta daga 100 zuwa 240, kan soket ɗin kawai za ka canza. Zan tambayi wadda aka yi don ƙasashen waje in ji farashi, in ya yi daidai da abin da ka tara sai in taho da ita da hutu. Kafin nan ka nemi jaka mai zif da ɗan famfon hura iska, don irin lens ɗin nan mai shiga da fita yana zuƙar ƙura, lokacin hunturu kuma ka san yadda Kano take, kar ka kuskura ka goge gilashin da bakin riga. Ka faɗa min nawa ke hannunka yanzu.