Second Life: gwada kayan aikin gina gidan da ke motsi da kansa

Tun 2003 kamfanin Linden Lab na San Francisco ya buɗe Second Life, wata duniya ta intanet da ake shiga a yi yawo cikinta da siffar mutum, kuma har yanzu akwai abu guda da ya fi sauran duniyoyin intanet iyawa: a cikin duniyar ake gini, ba a wajenta ba. Kana tsaye a fili, ka danna Ctrl+B, ka ajiye tubali a ƙasa, na kusa da kai yana kallo yana ce maka ka ɗan ƙara tsayi. Wannan sharhi kan kayan ginin ne, musamman ga mai son ginin da ke amsa wa mutane, wato bangon da ke ja baya in an matso, ko ɗakin taron da ke rikiɗewa ya koma shago.

Tubalin ginin ana ce masa firim. Akwai akwati, silinda, ƙwallo, zobe da 'yan'uwansu, kuma kowanne ana iya miƙe shi har mita 64, a huda shi, a yanke, a murɗa. Ctrl+L na haɗa firim har 256 su zama abu ɗaya, kuma wanda aka zaɓa a ƙarshe shi ne uwa, sauran suna bin sa. Masu koyo da yawa a nan suke tuntuɓe: su bar ƙofa ta zama uwa, sai a taɓa ta, gida gaba ɗaya ya juya.

Ran ginin yana cikin LSL, harshen umarni na Linden. Ana jefa rubutun a cikin firim, ya zauna yana jiran wani abu ya faru. Ƙofa mafi sauƙi layi kaɗan ce: touch_start ya ji an taɓa, llSetLinkPrimitiveParamsFast ya juya ta. Sai dai firim a tsakiyarsa yake juyawa, kamar fanka, don haka ake yanke rabinsa tun farko domin tsakiyar ta faɗo a bakin ƙyaure. Wanda bai yi haka ba zai samu ƙofa mai mari.

Ginin da ke jin zuwan mutum kuwa hanya biyu ce, kuma ba ɗaya suke ba. llSensorRepeat yana leƙa kewaye har mita 96, a kai a kai, ko da ba kowa a wurin. llVolumeDetect shiru yake yi sai an ratsa ta cikinsa, kamar igiyar tarko. Na biyun ya fi sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, amma yana mayar da duk abin da aka haɗa shi da shi ya zama fatalwa, ana ratsa shi. Kada a haɗa shi da gidan. A ajiye shi daban a bakin ƙofa, ya aika wa bango saƙo ta wata tasha ta ɓoye. Irin wannan gini ne mai zanen gini ɗan Amurka Jon Brouchoud ya riƙa gwadawa a Second Life, inda bango da ginshiƙai ke motsi gwargwadon kusantar mai ziyara.

Inda gizo ke saƙa shi ne fili. Cikakken yanki mita 256 ne sau 256, kuma kowane fuloti yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, inda firim mai sauƙi ɗaya yake daidai da nauyi ɗaya. A babbar nahiyar Linden, fuloti mai murabba'in mita 512 yana ɗaukar 175, mai 1024 kuma 351. Gida mai bene da kujeru ya kan cinye wannan kafin a kai ga rufi. Dabarar da aka saba ita ce akwatin fitarwa: a adana ɗakuna da yawa a cikin firim ɗaya, llRezObject ya fito da wanda ake so, tsohon ya goge kansa. Bai iya fitar da abu nesa da mita 10 ba, don haka kowane sashe na ginin yana buƙatar nasa rubutun da zai kai shi mazauninsa. In filin ya cika ana tsaka da fitarwa, sai ka ga ɗaki ba rufi.

Wata dabarar ita ce sauya siffar karo, wato siffar da jiki ke cin karo da ita, zuwa Convex Hull, wanda ke iya rage nauyin akwatuna masu sauƙi zuwa rabi. A kula: yana toshe duk wata huda, ƙofa tana nan a ido amma ba a shiga. A kan zobe ko firim mai murɗi kuma nauyin na iya tashi maimakon ya sauka. Ginin da ake ƙerawa a waje da manhaja irin Blender, wanda aka fara shigowa da shi a 2011, ya fi kyan gani, amma ba a gyara siffarsa a ciki, kuma in an ƙara masa girma nauyinsa na hawa. Ga ginin da ake so ya riƙa sauyawa, tsohon firim ya fi biyayya.

Saiɓi kuwa galibi laifin magini ne. Yankin yana aiki sau 45 a daƙiƙa, rubutun umarni kuma ragowar lokaci yake samu. Ɗari biyu na tubala, kowanne da rubutunsa mai agogo da kunnen sauraron saƙo, za su sa ƙofa ta yi jinkiri ga kowa har maƙwabta. Rubutu ɗaya a uwa ya juya 'ya'yan duka. Rufi ma a ɗaga shi, domin kyamarar da kake kallo ta cikinta a baya da saman mutum take. Ɗaki mai tsayin na gaske zai sa ta maƙale a soro.

Shiga kyauta ne, filayen gwaji ma kyauta, illa dai suna mayar maka da kayanka bayan wasu sa'o'i. Fili na dindindin sai da kuɗi, ana kuma bukatar kwamfuta mai ƙarfi da intanet marar yankewa. Cikin manhajojin shiga duniyar, Firestorm ta fi ta kamfanin daɗin gini. Ga ɗalibin zanen gini mai son ganin yadda mutane ke bi ta cikin ginin da ke amsa musu, ya cancanci wahalar. Mai neman hoto mai sheƙi kawai, gara ya tsaya a Blender.