Burushin askin da ka ce in aiko maka daga Landan

Yaya, barka da war haka. Ina fatan Inna tana lafiya, da yaran shago baki ɗaya. Saƙonka na burushin kumfa guda uku ya same ni tun watan jiya. Abin da ya sa na yi jinkiri shi ne na tarar akwai magana a cikinsa, kuma ban so in aiko maka da abin da zai ɓata maka suna a unguwa.

Mutanen nan sun ɗauki aski da muhimmanci fiye da yadda muke zato. A titin Jermyn, kusa da Piccadilly, akwai shagon Taylor of Old Bond Street, wanda asalinsa tun 1854 ne. Ka karya kwana zuwa titin St James's sai ga Truefitt & Hill, su kuma tun 1805. In ka leƙa ta gilashi, burusai ne jere kamar kayan gwal. Mafi tsada a cikinsu da gashin wata dabba ake yi, baja suke ce mata, tana kama da dagen da muka sani a daji. Gashin ma daraja-daraja ne, na ƙoli shi ne mai farin baki, kuma irinsa yakan haura fam 100. Dokar Ingila ta 1992 ta hana kashe dabbar ko rushe raminta ba da izini ba, don haka kusan duk gashin daga Chaina yake zuwa. Na taɓa ɗaya da bayan hannuna. Laushinsa ba a magana, yana riƙe ruwa da ɗumi, wanda a sanyin nan abu ne mai daɗi da safe. Amma na tambayi kaina, me ɗumi zai ƙara wa mutumin da ya shigo shagonka a watan bazara, zufa na karyo masa?

Sai na gangara kan masu araha, kuma a nan na yi tuntuɓe. A wani ƙaramin kanti na sayi ɗaya mai gashi ruwan ƙasa-ƙasa, mai ɗan tauri, bai kai fam 10 ba. Da na koma gida na jiƙa shi a kofi da ruwan ɗumi, sai wani ƙarni ya taso, irin na dabbar da ruwan sama ya daka. Na duba kwalin, kalma ɗaya ce a jiki, "bristle". Washegari na nuna wa Baturken da yake mini aski, ya dube ni ya ce ai gashin alade ne. Wallahi Yaya, ranar raina ya ɓaci, domin na riga na goga shi a wuyana. Ka riƙe kalmar nan da kyau, ita da "boar", ko da wani zai kawo maka tsaraba. Italiya da Fotugal sun shahara da yin irin wannan, kuma wanzamansu suna sonsa saboda taurinsa yana tayar da gashi, in ya kwana biyu kuma bakin kowane sili ya tsage ya yi laushi.

Na kai maganar wurin malaminmu bayan sallar Juma'a. Ya ce a mazhabar Malikiyya gashi ko na alade ne, in aske shi aka yi ba tugewa ba, ba najasa ba ne, amma wasu mazhabobin sun saɓa. Na karɓi karatun. Sai dai wa ya san yadda aka cire shi a mahauta? Kuma ka san mutanenmu: ranar da aka ji da me ake shafa wa mutane kumfa a shagon wane, ba wanda zai tsaya sauraron fatawa.

Akwai na gashin doki, daga Sifen ake yawan kawo shi, daga geza da jela. Ba laifi, sai dai yana cukurkuɗewa.

Wanda zuciyata ta kwanta da shi shi ne na gashin roba. Kar ka tuna da irin na da, mai suka kamar tsintsiya. Na yanzu an sirance bakin zaren, har idan ka rufe ido da ƙyar ka bambanta shi da na baja. Kamfanin Mühle na Jamus yana yi, Simpson ma da aka sani da baja tun 1919 yanzu yana yi. Mako uku ke nan ina amfani da ɗaya. Ba ya buƙatar jiƙo, ka tsoma ka yarfe ka ɗora kan sabulu, kafin ka ƙirga talatin kumfa ta tashi, duk da ruwan Landan mai gartsi ne da ba ya son kumfa. Sabulun da yake ci kaɗan ne. Banɗakina ba taga, wancan na aladen sai da ya kwana biyu da laima a gindinsa kafin na jefar, wannan kuwa kafin in dawo aiki ya bushe ƙayau. Ka kwatanta da shagonka a watan Agusta.

Aibinsa ɗaya da na gani: tun da zaren ba ya shan ruwa, in ba ka yarfe ba sai ruwan ya zubo maka a hannu har gwiwa, kumfar ta tsinke. Yaranka za su saba cikin kwana biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne tsabta. Baba da hannu yake jiƙa kai kafin ya ɗora aska, ya wanke hannun ya kira na gaba. Burushi kuwa yana bin fuska goma a yini, wata da ƙuraje, wata da ɗan yanka. Gashin dabba ba ya jure maganin kashe ƙwayoyin cuta, karyewa yake yi ya zube. Na roba za ka iya tsoma shi a ruwan magani bayan kowane mutum, ka ɗauraye. Kar dai a sa shi a tafasasshen ruwa, gam ɗin da ya riƙe gashin zai saki.

Saboda haka na sayi guda huɗu maimakon uku, kowanne bai kai fam 20 ba, don ɗaya yana aiki ɗaya yana shan iska. Na haɗa da sandunan sabulun Arko na Turkiyya guda shida, irin wanda wanzamina yake amfani da shi. Akwai wanda zai taso ƙarshen wata ta Abuja, zan turo maka lambarsa idan ya tabbatar da ranar.